Rautata a Ɗakin Surukata

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu ko an tuna min sai na yi dogon tunani kafin in kamo bakin zaren. Amma makon da na kwashe ina kokawa da rauta a gidana na Talata Mafara, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Jaririyar da aka haifa mana a lokacin yanzu ta isa ɗaukar allo, amma idan na rufe ido ina iya ganin komai tiryan-tiryan, har da gumin da ya jiƙa min sabuwar riga.

Ni malamin gona ne. A wancan lokacin aikina zagaya manoman shinkafa na rani tsakanin Mafara da Bakura, in duba rabon ruwa, in duba tsiro, in yi faɗa da wanda ya zuba taki ba kan ƙa'ida ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, ni mutum ne mai ji da kansa a harkar na'ura. Duk wanda wayarsa ta ƙi jin magana a unguwarmu, ni ake kawo wa. In karɓa ina yatsina fuska, in latsa nan in latsa can, in miƙa masa ina cewa, “Ƙaramin abu ne.” Wannan girman kan ne ya kusa ja min asarar da zan daɗe ina cizon yatsa.

Gidana yana can ƙarshen gari a cikin ɗan kwari, sabis ba ya son shigowa. Idan kana son ka yi waya mai daɗi sai ka fita ƙofar gida ka hau tudu. Shi ya sa na sayi rauta, irin wadda ake sa wa layin waya a ciki, mai ƙahonni biyu, ta jawo sabis daga nesa ta raba wa wayoyi da kwamfuta a cikin gida. Ranar da na kawo ta babu lungun da ban kai ta ba, har saman randa na ɗora ta. Wuri ɗaya tak ta yarda ta kama sabis sanda huɗu cif, wato bakin tagar gabas ta wani ƙaramin ɗaki da nake karatu a ciki, domin tagar tana kallon ƙarfen sabis da ke bakin titi. Na ajiye mata ɗan teburi a wurin, na jona ta da batirin sola. Ta yi fiye da shekara tana aiki ko tari ba ta taɓa yi ba.

Sai maiɗakina ta zo haihuwa ta uku, haihuwar ta zo da gardama har sai da aka yi mata aiki. Likita ya ce kada a yi nisa da asibiti, saboda haka maganar tafiya gida wanka ba ta taso ba. Manyan yaran biyu na kai su wurin mahaifiyata a Bakura, ita kuma mahaifiyar maiɗakina ta taho daga ƙauyensu na wajen Janbako, ta ƙasar Maradun, don ta zauna da ita har a yi arba'in. Inna muke ce mata. Ɗakin da za a sauke ta kuwa babu wani sai wannan ɗakin karatun nawa. Na kwashe littattafaina, aka shimfiɗa mata katifa da tabarma, na bar rauta a mazauninta. Na ce a raina ai ba ta buƙatar a taɓa ta, duk saitinta daga wayata nake yi.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ke tsakanin mutum da surukarsa. Shekara tara da aurenmu, ban taɓa cin abinci Inna tana kallona ba, ban taɓa ɗaga ido na dube ta sosai ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. Da safe zan zo ƙofar ɗakin in tuɓe takalmi, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule, shi ke nan sai kuma gobe. Duk wata magana sai dai ta bi ta bakin 'yarta. Daga ranar da ta sauka, ɗakin nan ya zama haramiyata, ko leƙe ba na yi.

To a daidai wannan lokacin ne aka kira ni ganawa. Akwai wani shiri na horar da manoman shinkafa da na daɗe ina nema in shiga, na yi jarrabawar rubutu na ci, saura a gana da mu ta bidiyo. Saƙon da aka aiko min ya fayyace komai: ranar Talata, ƙarfe biyu da rabi na rana, kuma wanda sadarwarsa ta yanke aka jira shi 'yan mintuna bai dawo ba, za a wuce zuwa na gaba, babu sakewa. Aiki ne da zai canza min rayuwa ni da iyalina, na kuma san irinsa ba ya zuwa sau biyu. Saura kwana bakwai, na ce bari in riƙa gwaji kullum idan na dawo daga gona.

Ranar farko na dawo, na yi Azahar a masallacin unguwa, na ci abinci, na buɗe kwamfuta a falo. Shafi ya ƙi buɗewa. Ya yi ta juyi yana juyi, can sai ya ce babu sadarwa. Abin mamaki, da safe kafin in fita gudu take yi kamar ruwa a sabuwar kwata. Na kira kamfanin layin, wata baiwar Allah ta ɗauka da muryarta mai sanyi, ta ce babu wata matsala a yankinmu, in kashe in kunna. Na yi tsaki a raina, wai ni za a koya wa kashewa da kunnawa. Da ƙyar na samu shafin saiti ya buɗe a wayata, na ba ta umarnin ta sake tashi. Ba ta canza zani ba. Can wajen uku da 'yan mintuna sai ga sabis ya dawo da kansa, ni kuwa na buga ƙirji na ce ni na gyara.

Washegari aka sake. Nan na ce lalle ɓarayin sabis ne. Na shiga jerin na'urorin da ke jone da ita, sai ga wayoyi har biyar da ban san su ba. Ashe lambar sirrin da na ba maƙwabcina ranar suna, don ya tura hotuna, ta zaga layinmu kaf. Raina ya ɓaci. Na canza lambar na sa wata doguwa mai haruffa da alamomi wadda ni kaina sai da na rubuta a bayan kalanda, na kori kowa. Maƙwabcin nan kwana biyu yana amsa gaisuwata da ƙyar. Amma da Azahar ta yi washegari, sadarwa ta sake faɗuwa warwas, kamar ban yi komai ba.

Daga nan na shiga tone-tone na gaske. Na canza tashar da take watsa sabis a kai, daga ta ɗaya zuwa ta shida, daga ta shida zuwa ta sha ɗaya, wai ko tana karo da ta wani gida. Gidan wa? Duk layin ni kaɗai ke da rauta, amma a lokacin ban tsaya na tambayi kaina ba. Tana da hanyoyin watsawa biyu, ɗaya mai sauri amma ba ya ratsa bango, ɗaya mai nisa, na kashe mai saurin na bar mai nisan. Na kulle ta a kan 4G don ta daina tsalle tana sauka kan ƙaramin sabis. Na sabunta manhajarta. Duk wanda na yi daidai ne a ilmance, ko yau aka kawo min rauta mai ciwo ta nan zan bi. Sai dai tawa ba ta ji ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a da safe haushi ya ɗebe ni na goge komai, na mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Sai da na latsa na tuna cewa yanzu lambar sirrin ta koma ta asali, wadda ke rubuce a ƙarƙashin rautar, rautar kuwa tana ɗakin Inna. Dole na roƙi maiɗakina, wadda ko tafiya da ƙyar take yi tana dafa bango, ta je ta kwafo min. Ta dawo da 'yar takarda, ta tsaya tana dubana.

“Malam, wai ni kam abin nan naka, ko dai don Inna tana…”

“Ke dai ba ni takardar,” na katse ta. “Wannan harkar saiti ce, ba ta shafi Inna ba. Ki je ki huta.”

Ta ɗaga kafaɗa ta ce, “To, Allah ba da sa'a.” Ta juya. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan “to” ɗin nata sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Asabar na shirya da wani abokina da ke Gusau mu gwada kiran bidiyo daidai ƙarfe biyu da rabi. Fuskarsa ta fito ta daskare da baki a buɗe, murya ta rarrabe, sai ɗif. Na leƙa shafin saiti, sanda huɗun nan sun koma ɗaya, ita ma tana lilo. Can kuma sai rautar ta mutu ta tashi da kanta, irin yadda rauta ke yi idan ta yi zafi. Nan fa na fara lissafin inda zan gudu. Ofishinmu na bakin gona ko kira ba ya shiga. Shagon wani abokina da ke da sabis mai kyau yana bakin kasuwa, ganawar kuma ta faɗo ranar Talata, ranar da kasuwar garinmu ke ci. Wanda ya san Mafara ranar kasuwa ya san babu mai jin maganar wani, ga injin niƙa, ga lasifikar masu magani, ga sabis ɗin kansa yana cushewa saboda jama'a. Gida dai shi ne, ko ta gyaru ko in rasa.

Abin da ya fara buɗe min ido ba ilmin na'ura ba ne, aikin gona ne. Idan manomi ya kawo min ƙarar ruwa ba ya isa fegensa, ba na musu da shi, littafi nake ɗauka in zauna bakin kwata in rubuta lokacin da ruwa ya zo da lokacin da ya janye. Ranar Lahadi na yi wa rauta haka. Na zauna da biro tun hantsi. Lafiya lau har ƙarfe biyu, sai ta faɗi. Uku da kwata ta dawo. Huɗu da ɗan wani abu ta faɗi, biyar ta dawo. Magariba ta faɗi, ba ta dawo ba sai bayan Isha. Na kira abokin nan nawa na Gusau na karanta masa. Ya fashe da dariya har yana tari, ya ce, “Kai, rautarka ta fi ka riƙe salla! Har da lazimi take yi.” Na ce masa ba abin dariya ba ne, amma maganar ta tsaya min a rai.

Ranar Litinin, saura kwana ɗaya, ana sallame Azahar na taso ban tsaya gaisawa da kowa ba. Na shigo na tarar Inna ta gama alwala ta shige ɗaki. Na samu kujera 'yar tsugunno na zauna a tsakar gida, can gefe yadda ba za ta gan ni ba, waya a hannu, shafin saiti a buɗe, sanda huɗu cif. Ban yi minti biyu ba na ji ƙarar ƙarfe a kan katako daga cikin ɗakin, ƙwal, a hankali. Ina kallo da idona sandunan suka zube, huɗu, biyu, ɗaya. Sai na ji ta tayar da kabbara.

Na tashi sumui-sumui na shiga wurin maiɗakina, tana shayar da jaririya. Na sassauta murya, abin da ban yi ba duk makon. Na ce, “Don Allah, me Inna take yi wa rautar nan idan za ta yi salla?”

Ta dube ni, ta dafe wurin ɗinkin cikinta, ta fara dariya tana cewa wayyo. “Malam, kada ka fasa min ɗinki! Ai abin da na so in faɗa maka ke nan ran Juma'a, ka ce harkar saiti ce.”

Ashe ga abin da ke faruwa. Teburin rautar yana gabas, daidai inda Inna ke fuskanta idan ta tsaya salla. Fitilun nan korraye da ke ƙyaftawa ba dare ba rana suna ɗauke mata hankali, har ta taɓa rikicewa ta kasa sanin raka'a nawa ta yi. Ba ta son ta zare wayar wutar, don kayan surukinta ne ba ta san sirrinsa ba. Ba ta kuma son ta yi ƙorafi, don baƙuwa ce a gidan. Sai ta samo dabararta. Idan za ta yi salla sai ta kwantar da ƙahonnin biyu a hankali, ta ɗauko ƙaton kwanonta na ƙarfe da ta zo da shi ta kifa a kai. Sai ta gama salla da nafila da jan carbinta mai tsawo, sannan ta ɗage, ta goge rautar da gefen mayafinta, ta miƙar da ƙahonnin yadda ta same su. A ganinta ma kula take yi min da ita. Ni kuwa ina falo ina canza tasha, alhali abar tana cikin kwanon ƙarfe a tsakiyar bazara, ba sabis ba iska.

Kunya ta rufe ni, na kuma ji tausayin tsohuwar ƙwarai. Maiɗakina ta ce bari ta je ta yi mata bayani. Na ce a'a. Yaya za a je a ce wa dattijuwa ta bar abu yana ɓata mata salla saboda ganawata? Kuma idan ta ji cewa ita ce ta hana ni barci mako guda, ina za ta sa kanta? Na koma shafin saiti ina lalube, sai ga wani ɗan wuri da ban taɓa kula da shi ba, na kashe fitilun rauta ba tare da an kashe ta ba. Na yi hamdala. Bayan La'asar, da na ga sanda sun dawo, na latsa. Na ce wa maiɗakina, “Na gama da shi. Kada ki ce mata komai, ba sai ta san ma an yi ba.” Magariba ta zo, sabis bai motsa ba. Isha ta wuce, yana nan daram. Na kwanta ina jin babu gwani irina a ƙasar Zamfara. Ban san kuskure na biyu na tafka ba, wanda ya fi na farko.

Ranar Talata na ɗauki hutu. Na yi aski, na sa farar shadda, na gyara kusurwar falo, na jera takarduna. Na yi Azahar da wuri na dawo na zauna gaban kwamfuta. Ƙarfe biyu da minti goma, sai sabis ya ɗauke. Wannan karon ba rauni ya yi ba, sunan rautar ma ya ɓace daga wayata gaba ɗaya. Kafin in miƙe sai ga maiɗakina ta shigo a hankali, rungume da wani ƙunshi a cikin zane. Ta ajiye a gabana ta kwance. Rautata ce, an naɗe wayar wutarta tsaf.

“Inna ta ce ka yafe mata,” in ji ta, idonta ya ciko. “Wai tun jiya da ta ga idon abin ya mutu ta san ita ta kashe shi da kwano. Ta goge, ta tofa addu'a, bai farfaɗo ba. Yanzu na gane dalilin da ko kunun safe ba ta sha ba. Ta ce ba za a sake ajiye shi a ɗakin ba, kada ta ƙara yi maka ɓarna.”

Na ce ta koma ta jona ta maza. Ta ce ta gwada yi mata bayani, Inna ta ce lallashinta kawai take yi, kuma soket ɗin yana ƙasa bayan teburi, ita ba ta iya sunkuyawa. Na duba agogo. Saura minti goma sha bakwai. Gumi ya karyo min tun daga ƙeya har gadon baya. Babu wani wuri a gidan da rautar za ta kama, babu kuma wanda zai shiga ɗakin nan sai ni.

Na ɗauki ƙunshin na nufi ƙofar. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi sallama. Ta amsa da wata murya ƙasa-ƙasa. Kuma ko gobara ake yi ba ka isa ka faɗa wa surukarka magana ba gaisuwa.

“Inna, ina wuni?”

“Lahiya lau.”

“Ya gajiya? Ya baƙunta?”

“Alhamdu lillahi.”

“Ya zafin nan? Ya mai jego da jaririya?”

“Da godiya. Ya aiki? Ya mutanen Bakura?”

Ina amsawa ina satar kallon agogo, kowace gaisuwa tana cin rabin minti. Muka kai ƙarshen gaisuwar. A shekara tara ban taɓa wuce nan da ita ba. Na ce, “Inna, ku gafarce ni. Ba ku kashe komai ba, lafiyarta ƙalau. Ni ne na kashe fitilun jiya daga wayata, don na ji suna damun ku a salla. Laifina ne da ban faɗa ba.”

Sai ta ce, “Kai ka kashe su?”

“Ni ne, Inna.”

“Don sallata?”

“E, Inna.”

Ta ja dogon numfashi. “Allah Sarki. To yaro, mi ya hana ka hwaɗi? Na kwana ban runtsa ba, ina ta tunanin da wane ido zan dube ka.”

Na ƙara sunkuyar da kai. Na ce mata a gurguje ga abin da ke gabana, ga lokacin da ya rage, kuma tagar ɗakin nan ce kaɗai ke kamawa. Sai na ji motsi, labule ya ɗaga. Ta fito da tabarmarta a hammata da carbi a hannu, ta kawar da kai gefe, ni ma na kawar.

“Shiga ka maida abinka. Maza. Ni ina nan waje, ba ni komawa sai ka gama.”

Na shiga a sunkuye kamar ɓarawo a ɗakin da ni na gina shi. Na ɗora ta a kan teburin, na miƙar da ƙahonni, na jona wuta. Sai na tsaya ina kallonta, baƙa ƙirin, ba ko ɗigon haske, ni kaina ban san ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Minti biyun nan da na yi a tsaye su suka nuna min irin daren da na sa tsohuwar nan ta yi. Sai wayata ta yi ƙara a aljihu, ta jonu. Sanda huɗu. Na fito da gudu-gudu na faɗa kan kujera saura minti uku, ina goge fuska da hular da ya kamata ta kasance a kaina.

Ganawar ta ɗauki kusan minti arba'in, ko sau ɗaya hoto bai daskare ba. Mutum uku ne suka yi min tambayoyi. Ta tagar falo ina hango Inna a inuwar darbejiya, a wannan zafin na bazara, tana jan carbi, ta ƙi yarda ko inuwarta ta kusanci ɗakin. Wata daga cikin masu ganawar ta tambaye ni, idan na kai wa manoma sabuwar dabara na ga ba ta aiki a gonakinsu, me zan fara dubawa. Akwai amsar da na haddace mai kyau game da ƙasa da iri da taki. Na bar ta. Na ce zan fara zama da su in tambaye su me suke yi idan ba na nan, da kuma dalilin da ya sa suke yin sa. Na ga matar ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu.

Da aka gama na fito tsakar gida, na durƙusa daga nesa na ce an gama lafiya. Inna ta shafa addu'a ta ce, “Allah shi ba ka, in da alheri.” Sannan ta juya ga 'yarta ta ce a kawo mata kunun nan ko ya huce, yunwa take ji. Muka yi dariya mu duka uku, karo na farko da na taɓa yin dariya a gabanta. Bayan mako biyu saƙo ya zo an ɗauke ni, kuma aikin nan shi nake ci har yau, alhamdu lillahi. Sauran kwanakin da ta yi mana fitilun suna kashe, da saninta, sabis bai sake ko gezau ba. Kunya tana nan tsakaninmu yadda take, ban fasa durƙusawa a bakin ƙofa ba, sai dai an sami ƙari ɗaya a gaisuwar safe. Idan mun gama sai ta ce, “Abin yana ja dai?” In ce, “Yana ja, Inna.”

Abin da na koya ba a cikin shafin saiti yake ba, ko da yake a can na sami maganin. Mako guda na yi ina tuhumar kamfani, ina zargin maƙwabta, ina juya lambobi, alhali amsar tana bakin matar da ke kwana ɗaki ɗaya da ni, ta ma buɗe baki za ta faɗa na rufe mata. Da na gano kuma, na zaɓi in gyara a ɓoye, ina ganin girmamawa ce, na bar dattijuwa ta kwana da fargaba ta wuni da yunwa a kan laifin da ba ta yi ba. Kunya abu ne mai kyau, ina kuma fatan 'ya'yana su tashi da ita. Amma shirun da zai hana babba barci ba girmamawa ba ne, kalma biyu daga bakin ƙofa da sun wadatar. Tun daga ranar, duk abin da ya lalace a gidana, rauta ce ko wani abu daban, kafin in taɓa shi sai na tambayi mutanen gidan me suka gani, in kuma tsaya in ji amsar har ƙarshe. Idan na gyara kuma, ina faɗa musu abin da na yi.